Yadda Ake Zille wa Rakiyar Kaka Zuwa Umara

Wannan hanya tana aiki. Na gwada ta a kan kakata, ta yi aiki. Idan ka bi matakan nan a jere, ba tsallake, na ba ka tabbaci za a soke tafiyar, kuma babu wanda zai kira ka matsoraci a bainar jama'a. Abin da za a faɗa a cikin ɗaki ba ya cikin tabbacin.

Kayan aiki: kaka guda, wadda idonta ya fara tafiya, take son ta ga Ka'aba kafin ya ƙarasa. Kawu mai hali da ya biya mata kujera. Waya mai data. Sai kai, wanda ya gama sakandare ya zauna, ba ka da wani aikin da za a ce zai lalace in ka yi tafiya. Kuma kana tsoron jirgin sama.

Mataki na 1: Ka ce to

Ranar da za a gaya maka, tsakar gida za a kira ka. A wajena Kawu Sharu ne ya yi kiran, ƙanen mahaifiyata, mai fataucin hatsi a Kongolam. Ya ce likitan ido ya duba Iya, wato kakata, hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sauran ma yana hanya. Don haka ya biya mata Umara tun tana gani. Saura muharrami. Sai kowa ya juyo ya kalle ni.

Za ka so ka tambaya me ya hana shi kawun ya raka uwarsa. Kada ka tambaya. Nawa ya taɓa zama a Jidda ba takarda, aka kama shi, aka ɗauki yatsunsa, aka dawo da shi da jallabiya ɗaya. A gidanmu ana kiran wannan "lokacin da Kawu yake waje".

Ka ce to. Ka ƙara da alhamdu lillahi. Ba a taɓa yin ɗan Musulmi a ƙasar Daura da aka yi wa tayin Makka kyauta ya ce bari ya yi shawara ba. In ka yi jinkiri ko na numfashi ɗaya ne, kafin la'asar an nemo maka mai ruƙiyya.

Kakar za ta tsokane ka, irin wasan kaka da jika. Tawa maigida take ce min. Ta juyo da fuskarta wajen da take zaton nake, ta ɗan kauce kaɗan.

"To maigida, yau dai za a ga amfaninka. Shekara da shekaru kana cin tuwona, ko Baure ba ka taɓa kai ni ba."

Ka yi dariya. Ka tashi ka shiga banɗaki ka daɗe.

Mataki na 2: Kada kalmar tsoro ta fito daga bakinka

Ka ce nazari kake yi. Mai tsoro ana yi masa dariya, mai nazari ana kawo masa kujera.

Kana da aboki, kowa yana da shi, wanda ya san komai daga waya. Nawa Jafaru ne, mai shagon caji a bakin tasha. Zai gaya maka cewa hanyar Kazaure ta fi duk jiragen duniya cin mutane, an ƙirga. Gaskiya ne, kada ka musa. Ka dai tuna masa cewa mota in ta lalace ana tura ta gefen titi, a sayi rake a jira makanike. Jirgi ba shi da gefe.

Ka ci gardama. Cin gardama ba ya soke tikiti, amma ka ci.

Kuma ka san abin da kake tsoro, don kada ka ɓata ƙarfinka. Ba sama ba ce. Sama ba ta taɓa kashe kowa ba. Ƙasa ce, da irin saurin da za ta taho da shi.

Mataki na 3: Ka zama masani

Ka sa Jafaru ya sauke maka manhajar nan ta bin sawun jirage. Taswira ce, da ƙananan jirage masu ruwan ɗorawa suna rarrafe a kanta. Ka taɓa ɗaya, ya gaya maka inda ya fito, inda za shi, da nisansa da ƙasa.

Ka zauna a bencin shagon ka wuni kana kallo. Farin layin nan da yake ratsa saman Daura, wanda muna yara muke ɗaga masa hannu, yanzu ka san daga Turai yake, kudu ya nufa, kuma akwai mutane a ciki suna cin abinci. Sun wuce ta saman gidanku da cokali a hannu. Ba su san da ku ba.

Daga nan ka shiga kallon bidiyon haɗurra, irin waɗanda ake zana jirgin yana karkacewa a hankali, wani Bature yana bayani ba ko gezau a muryarsa. Ka kalli duka. In data ta ƙare, Jafaru zai jona ka da tasa, don yana son ya ga fuskarka.

Sakamakon yana da kyau. Da, abu ɗaya kake tsoro. Yanzu kana tsoron inji, da tsuntsu mai shiga inji, da ƙanƙara a fiffike, da matuƙi mai gyangyaɗi, da wanda ya ɗaure ƙusa yana hira. Kowane da sunansa. Wannan shi ake kira ilimi.

Mataki na 4: Ka nemi wanda zai ɗauki ladan

Ka fara yaɗa cewa ba ka cancanta ba. Akwai waɗanda suka fi ka ibada. Ka ambaci Yazid, ɗan Kawu. Za a ce yana tsakiyar jarrabawa. Yazid kullum yana tsakiyar jarrabawa.

In kana da ƙanwa, ka yi amfani da ita. Tawa, Sadiya, ta gani a waya wai yanzu an sassauta, mata suna iya tafiya cikin ƙungiya ba muharrami. Kada ka kai labarin da kanka. Ka tura ta. Ni na tura ta, na tsaya bayan ƙyaure. Iya ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce hukumar can ce ta sassauta, idonta bai sassauta ba, kuma ba ta ga ƙungiyar da za ta riƙe mata hannu a matakala ba.

Saura malami. Ka same shi bayan azahar, ka ce wani abokinka ne yake tambaya: shin jika ta wajen 'ya mace cikakken muharrami ne, ko akwai saɓani? Malam Badaru, limamin unguwarmu, ya ce babu saɓani ko kaɗan. Ya ce a gaya wa abokin ya sa shi a addu'a, ya taho masa da zamzam ko a ƙaramar gora ce.

"Kuma Sada, ka ce wa abokin naka ya je a yi masa allurar rigakafin nan da wuri. Kawunsa ya ce har yanzu bai je ba."

Ka yi godiya. Ka je a yi maka allurar.

Mataki na 5: Kada ka ɓata lokaci kan ɓatar da fasfo

Yana aljihun Kawu.

Mataki na 6: Ka tsorata matafiyar

Tunda ba za a canja ɗan rakiya ba, sai a soke tafiyar, kuma mai tafiyar kaɗai ke da ikon sokewa.

Ga sirrin. Akwai wurare a kan taswirar, can cikin hamada ta wajen Chadi, da babu na'urorin da ke kama siginar jirgi. Jirgi na isa nan, hotonsa yakan ɓace daga waya. Lafiyarsa ƙalau, can gaba zai sake fitowa. Kai ka sani. Kakarka ba ta sani ba. Wannan bambancin shi ne jarinka.

Ka zaɓi jirgin da ya tashi daga Kano ya nufi gabas. Ka same ta da hantsi, tana aikin da hannu ke yi ba sai da ido ba. Iya ɓarar gyaɗa take yi. Na kai wayar dab da idonta na dama, mai ɗan sauran gani. Ta ce ta ga wani abu kamar ƙuda. Na ce jirgi ne, cike da mutane. Muka bi shi, ina nuna mata lokaci-lokaci, har ta kusa gama gyaɗar. Sai ya ɓace.

"Ina ya shiga?"

"Haka suke yi, Iya. Wani lokaci."

Ta dakata da ɓarar. Na ce a raina an gama.

"Makka suka nufa?"

"Jidda."

"Da niyyarsu a zuci?"

"Wataƙila."

Ta zuba gyaɗar hannunta a faifai. "Waɗannan sun dace."

A nan kuskuren yake, kuma na bar shi cikin jerin don ka san shi. Tsohuwa irin Iya ba a tsorata ta da mutuwa a hanyar Makka. Abin da take roƙo ke nan tun kafin a haifi uwarka. Tsoronta shi ne ta mutu a kan gadon ƙarfenta a unguwar Sarkin Yara, tana jiran a kawo koko.

Washegari ta buɗe adaka ta fiddo likkafaninta, ta ce da shi za a tafi. In an dace a hanya, ga shi kusa. In ba a dace ba, a jiƙo shi da zamzam a dawo da shi. Ta aiki Sadiya kasuwa aka yanko min nawa, ta ce a ƙara tsawo, don na yi tsayi ban gaya wa kowa ba. Da yamma Kawu ya aiko min da harami, farare, ba ɗinki.

Yanzu kana da farin yadi kashi biyu. Ka ajiye su nesa da juna, kada ka rikice.

Mataki na 7: Ka ci moriyar yawon yafiya

Ka san al'adar. Mai tafiya Makka sai ya bi 'yan'uwa da maƙwabta gida-gida ya yi sallama, ya nemi a yafe masa. Tunda ba ta gani sosai, kai ne jagora. Za ta riƙe ka a tsintsiyar hannu, ku bi lungu-lungu.

Za a yafe mata. Kai ma za a yafe maka, ko ba ka roƙa ba. A wani gida an yafe min wata kaza da har yau ban san abin da na yi mata ba. Kowa zai ɗora maka saƙo: wannan haihuwa, wannan miji, wannan aikin kwastan. Samarin majalisa za su fara ce maka Alhaji. Ka gaya musu Umara ba ta ba da Alhaji. Ba za su daina ba.

Dabarar ita ce ka karkata yawon zuwa gidajen waɗanda suka taɓa hawa jirgi suka sha wuya. Mutuwa ba ta tsorata ta ba, wataƙila jijjiga ta yi. Ni na kai ta Sandamu, wajen ƙaninta Alhaji Audi, wanda ba ya ba da labari sai ya miƙe tsaye. Bayan an gaisa an yafi juna, na tambaye shi cikin ladabi yadda jirgi yake.

Ya miƙe. Ya ce a saman teku jirginsu ya shiga gargada. Ya ce ka san guga in igiya ta suɓuce, to haka. Shayi ya tashi daga kofi ya manne a rufi. Jakunkuna suka fara saukowa da kansu. Wani mutumin Baure ya kwance bel ya miƙe ya fara kiran sallah, ba lokacinta ba. Alhaji yana yi yana gwadawa da jiki, hularsa har ta faɗi. Iya tana ta dariya, tana cewa ya maimaita wajen kiran sallar.

Kai kuma kana kallon fuskarta, kana neman alamar tsoro. Ka manta da abu ɗaya. Tun da kuka zauna ba ta saki hannunka ba.

Fuska tana iya nazari. Hannu bai iya ba. Nawa ya yi sanyi, ya jiƙe, jijiyar tana bugawa a ƙarƙashin yatsunta. Ta dai ɗan danna da babban yatsa, kamar mai duba nunar mangwaro. Dariyar ta ragu.

A motar dawowa ba ta tsokane ni ba ko sau ɗaya. Da muka sauka ta ce, "Sada, kai ni ɗaki." Rabona da in ji sunana a bakinta na manta.

Mataki na 8: Ka karɓi nasara

Ba sai ka yi komai ba a nan. Ka zauna kawai.

Kawu ya zo da sababbin jakunkuna da labarin cewa an sa rana. Bai gama ajiye su ba ta ce masa, "Sharu, a ɗaga tafiyar nan. Gwiwa."

Ya ce akwai keken da ake tura mutane a can. Ta ce ba ta je ɗakin Allah a tura ta kamar buhun gero ba. Ya ce za a nemi magani. Ta ce ta sha. Ya sassauta murya ya tuna mata abin da likita ya faɗa, cewa baɗi ba tabbas idon zai kai. Ta ce baɗin ma ta Allah ce.

Kawu ya kalli gwiwar. Gwiwar da ta zagaye rabin Daura ta je Sandamu ta dawo. Sannan ya kalle ni. Ka kalli waya a daidai nan. Abin da aka yi ta domin shi ke nan.

"Kada ka kalli yaron nan," in ji Iya. "Shi har ya matsu a tafi. Ni ce na karya masa gwiwa da tawa gwiwar."

Kawu ya ɗauki takalmansa ya fita.

Barka. An soke tafiya. Sunanka tsaf. A majalisa har jaje za a yi maka.

Mataki na 9: Ka zauna da nasarar

Wannan ne mai wahalar, kuma babu wanda zai gaya maka sai ni.

Tunda ta ce gwiwa, dole ta yi ɗingishi, don mutane suna zuwa dubiya. Duk gidajen da kuka bi za su turo. Za ta ce wa kowa Allah bai nufa ba. Za a kawo man zafi da saiwoyi, ta shafa, ta sha, a kan gwiwar da ba ta yi laifin komai ba.

Jakunkunan za su shiga ƙarƙashin gado. Likkafanin zai koma adaka. Ba za ta sake ambaton Makka ba, ko a wasa. Za ta ci gaba da lalubo maka tsokar da ta fi girma a miya. Shawarata, ka riƙa ci a waje.

Kada ka buɗe manhajar. In ka buɗe za ka gan su, a jere, suna tashi daga Kano suna nufar gabas, suna sauka. Safe da yamma. Ko ɗaya bai faɗi ba. Za ka ji haushinsu.

Wata rana da tsakar rana za ta fito tsakar gida ta ɗaga kai, ta tambayi Sadiya ko hadari ne ya haɗo, a kwashe shanya. Ko gajimare babu. Sadiya za ta kalle ka. Ba irin kallon Kawu ba, wanda waya take tarewa.

Mataki na 10: Wannan ba ya cikin shirin

Kana iya tsayawa a na tara. Tabbacin da na ba ka ya cika a can.

Ni dai na same ta tana ɗingisawa zuwa randa, ba kowa a gidan sai mu.

"Iya, jiya hagu ce."

"Ciwon yawo yake yi."

Na ɗebo mata ruwan. Ta sha, ta miƙo min moɗar a inda ba na tsaye.

"Zan je," na ce.

"Ba za ka iya ba. Hannunka ya gaya min a Sandamu."

"Ban ce zan iya ba. Na ce zan je."

Ta ce ita ba ta son a kai ta ɗakin Allah da gawar jika a kujerar kusa da ita. Na ce likkafanin yana nan, an ma ƙara masa tsawo. Ta ce in ya fara gargada fa? Na ce zan yi kiran sallah.

"To maigida. Ni zan zauna wajen taga. Ni ba na ganin ƙasa, kai kuma ba ka son ganinta."

Ta wuce ɗaki, ƙafa biyu lafiya.

Na kira Kawu ina shirin ba shi haƙuri a sake nema daga farko. Ya ce bai soke komai ba. Ya ce shi ya san gwiwar uwarsa.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba malami ba ne, ba matuƙi ba ne, bai taɓa hawa abin da ya fi rufin ɗakin kakarsa tsayi ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya ji kunya, shi ya sani. Wanda ya bi ya yi nasara, shi ma shi ya sani, kuma nasa ya fi. Kada a kawo ƙara gidanmu. Ba kowa sai Sadiya, ita kuma ba ta yafiya.

Ina rubuta wannan a ɗakin jira, a filin jirgin Kano. Tsoron yana nan, bai ragu ba, kada wani ya yi maka ƙarya. Na shiga banɗakinsu har mai shara ya fara gaishe ni.

Ɗazu Iya ta ce in kai ta jikin gilashi ta ga jirgin. Ta manna fuska, ta nuna wani abu ta ce ko shi ne. Na ce wannan tankar mai ce, na bayanta ne. Ta ƙura ido. Ta ce haske kawai take gani, in kwatanta mata. Dole na kalle shi. Na ce babba ne, fari, hancinsa yana kallonmu.

"Yana da kyau?"

Na ce yana da kyau.

Wannan maganar ma ban ɗauki alhakinta ba.